Len Murfitt, Mai Rufe Baya

Len Murfitt ya ce shi da ƙeya ya san mutanen garinmu Ely, ba da fuska ba. Idan ya haɗu da ɗan ƙungiyarmu a kasuwa, sai ya bari mutumin ya wuce, ya waiga ya dubi bayansa, sannan ya ɗaga murya ya gaishe shi da suna. Rabi wasa ne, rabi gaskiya. Ya daɗe yana bin mu a baya.

Ƙungiyar tamu ta masu tattaki ce, ta ranar Alhamis. Mukan taru da hantsi a ƙofar babban coci, mu gangara bakin kogi, mu bi turba har tafkunan Roswell, mu zagaya ta gonaki idan ƙasa ta bushe, mu dawo gari mu sha shayi. A allon sanarwa an rubuta cewa tafiya ce mai sauƙi, kuma ba a yi ƙarya ba. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar faranti. Tudu ɗaya gare mu, shi ma coci ya riga kowa zama a kansa. Yawancinmu mun yi ritaya. Waɗanda ba su yi ba, likita ne ya turo su.

Kowace tafiya tana da jagora a gaba da mai rufe baya. Jagorarmu ita ce Misis Maureen Setchell, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda har yau take tafiya kamar an buga ƙararrawar shiga aji. Mai rufe baya kuwa Len ne. Aikinsa bai wuce abu biyu ba: kada kowa ya kasance a bayansa, kada kuma a bar ƙyauren makiyaya a buɗe shanu su fita. Alamar muƙamin wata falmaran ce mai ruwan ɗorawa, irin ta masu gyaran titi, wadda ta daina haɗuwa a kan tumbinsa tun kafin in san shi.

An haife shi a ƙauyen Prickwillow, a wani gida da ya karkace gefe guda saboda ƙasar fadama tana nutsewa a ƙarƙashinsa. Ya ce sai da ya shiga makaranta ya san cewa miya tana iya zama daidai a cikin kwano. Ya yi aiki a masana'antar sukari har aka rufe ta, daga nan ya koma tuƙa bas ɗin 'yan makaranta har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa Brenda ce ta sa sunansa a ƙungiya. Bai daɗe da ajiye aiki ba ta dawo daga cefane ta tarar ya sake wa tukwanenta wuri, wai don a sami tsari. A makon ta saya masa takalmin tafiya.

Len ba ruwansa da kyan daji. Tsuntsaye iri biyu ne a wurinsa, waɗanda ake ci da sauran. Idan 'yan gaba suka tsaya suka fito da tabaran hangen nesa suna raɗa, shi sai ya fito da biskit. Cocin da mutane ke hawa jirgi daga bangon duniya don su gani, shi ba ya shigarsa sai ruwan sama ya koro shi. Ya yarda dai yana da amfani. "Duk inda ka tsaya a gonakin nan kana hango shi," in ji shi, "ka san ta inda banɗaki yake."

Muƙamin ma bisa kuskure ya same shi. Ranar da ya fara zuwa ya laɓe bayan shinge ya sha taba, ya fito ya tarar da wata tsohuwa tana fama da igiyar takalmi, suka iso tare a ƙarshe. Kwamiti ya ɗauka tausayi ne ya tsayar da shi. Aka ba shi falmaran. Ya karɓa don ya ga hanya ce ta shan taba ba mai gani. Tabar ya bar ta tuntuni, falmaran kuwa ta zauna.

Ni a baya na same shi, don can na sami kaina. Ɗana Rowan ya rasu a ƙarshen wani hunturu, yana da shekara ashirin da shida. Da sanyi ya ja baya likita ta ce in riƙa fita. Alhamis ta farko na shiga tsakiyar ayari, inda kowa ya san labarin. Matan suka riƙa karkata kai suna rage murya idan za su yi mini magana. Kowa ya ce Rowan yaron kirki ne, har waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Na riƙa sassauta tafiya har suka wuce ni duka.

"Sabuwa ce ke, yarinya?" in ji wata murya a bayana. Na haura sittin a lokacin. Duk macen da ba ta kai tamanin ba yarinya ce a bakin Len.

Na ce eh.

"To ki sani, ni ba na tura kowa, ba na jan kowa. Kin tsaya, na tsaya. In fitsari ne ga shinge can, ni zan dubi coci."

Na yi masa godiya. Ya tambayi sunana, na ce Hilary Pask. Muka yi 'yar tafiya.

"Pask," ya ce. "Yaron nan mai jan gashi? Mai kunnuwa?"

"Shi ne."

"Ya taɓa yi mini amai a bas. Kujerar da ke bayana daidai, har cikin kwalar rigata. Na tsaya ina gogewa, sai ya ce wai tuƙina ne ba kyau. Yaro ɗan mitsitsi, baki kamar lauya."

Rowan ke nan. Tun ranar jana'iza ba wanda ya ba ni shi yadda yake sai a wannan safiya. Muka ci gaba da tafiya. A bakin tafki na biyu akwai wurin da Rowan yake zama kamun kifi yana yaro. Na tsaya a nan na daɗe. Len ya tsaya a bayana yana cin biskit, ina jin ƙarar taunarsa, har na gama.

Daga ranar na zama 'yar baya. Da ya ji na yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Cambridge sai ya laƙaba mini Farfesa, ko da yake na gaya masa ban taɓa zama ba. Baya tana da jama'arta: waɗanda aka sa wa sabon ƙugu a asibiti, waɗanda mazansu suka mutu kwanan nan, waɗanda suka yi faɗa da wani a gaba. Sukan yi 'yan makonni su warke su koma tsakiya. Len ba ya tambayar kowa abin da ya kawo shi. Shi ya sa ya fi kowa sanin sirrin garin, bai kuma ɗauki ko ɗaya da muhimmanci ba.

Gwiwarsa ta hagu ce ta fara. Tazarar da ke tsakaninmu da ayari ta riƙa ƙaruwa, har ya zama a kowane ƙyaure sai jama'a sun tsaya cikin iska suna jiranmu, Misis Setchell tana duban agogo. Gaskiya tana da hujja. Mai rufe baya shi ne na ƙarshe, amma idan wani ya faɗi dole ya iya kai labari gaba da sauri. Len ya daina iyawa, kuma ya sani. Ya kuma san abin da zai biyo baya. Muddin falmaran tana jikinsa, shi mai aiki ne da aiki ya ajiye a ƙarshe. Ranar da aka cire ta, tsoho ne kawai mai ɗingishi, kuma ƙa'ida ta ce sai an sa wani a bayansa.

"Wani ya biyo ni yana kallon ɗuwawuna yana tausayi?" ya ce mini. "Gara in zauna gida, Farfesa, Brenda ta ƙarasa ni da ludayi."

Ba wanda ya yi masa maganar. Mu nan ba ma gaya wa mutum irin wannan a fuska. Kwamiti ya zauna a falon Misis Setchell, ya sha shayi, ya yanke shawarar yi wa Len mataimaki.

Mataimakin shi ne Graham Ashdown, wanda ya ajiye aikin banki a Landan ya sayi gida kusa da kogi. Mutum ne mai kirki, siriri, yana da sandunan tafiya biyu da agogon hannu mai magana. An ce masa ya riƙa tafiya tare da Len, ya tabbatar kowa ya wuce. Ba a ce masa Len yana cikin kowa ba, amma ya gane. Len ma ya gane.

Suka jera kafaɗa da kafaɗa tun daga coci har bakin kogi, kowa yana satar rage taku. Ban taɓa ganin maza biyu suna tseren rashin sauri ba sai ranar. Turba mai faɗi ta ɗauke su duka biyun, amma kafin tafki akwai wani ƙyaure mai lilo a cikin ɗan keji, wanda ba ya ɗaukar mutum biyu a lokaci guda. Ni na wuce na tsaya a ɗaya gefen.

"Wuce, Len," in ji Graham, ya riƙe masa ƙyauren.

"Haba, ɗan Landan. Ai kai ne baƙo."

"A'a, girma naka ne."

"Girman ne ya ce ka wuce. Yaro a gaba, inda za a riƙa ganinsa."

"Maureen ta ce in tabbatar kowa ya wuce."

"Kowa ya wuce. Saura kai."

Graham ya yi 'yar dariya irin ta ofis. "Ka gane, Len, ba wani abu ba ne. Gwiwar taka ce kawai…"

"Gwiwata tana gaishe ka. Ta ce ka wuce."

Len ya jingina da shinge, ya buɗe filas, ya zuba shayi. Shanu suka fara taruwa suna kallo. Agogon Graham ya yi magana, yana tambaya ko ya gama motsa jikin yau. Wata mata ta zo da kare tana son wucewa, su biyun suka ja gefe da ladabi, suka gaishe ta, suka yaba karen, ta wuce, kowa ya koma inda yake.

"Hilary," in ji Graham, "ki sa baki mana."

"Ni na riga na wuce," na ce.

"Ba ka son biskit?" Len ya tambaye shi. "Ci. Za mu daɗe."

Graham ya karɓa, don bai iya ƙin kyauta ba. Yana cikin taunawa muka hango Misis Setchell ta baro ayari ta nufo mu, hannuwanta suna lilo.

"Leonard Murfitt!"

"Na'am, Hedimasta."

"Mutane suna can suna daskarewa. Shekarunka nawa?"

"Na girme ki, kuma na fi ki kyau."

Ta dube shi, ta dubi Graham. Ta yi rayuwarta tana raba yara faɗa, ta san ba mai gaskiya ake ba umarni ba, wanda zai bi ake ba. "Graham, wuce."

Graham ya wuce. Len ya rufe filas a hankali, ya shiga kejin, ya fito, ya girgiza ƙyauren ya ji ya kama.

Ya ci wannan, amma tsayuwar ta sandarar masa da ƙafa. Zagayen tafki ranar ya yi mana tsawo. Da muka zo hawan tudun gari fuskarsa ta yi fari fat, ya riƙa bin bango da hannu. Ban miƙa masa nawa ba, don na san ba zai yafe mini ba. A tsakiyar tudun ya tsaya gaban wani kanti ya daɗe yana duban kayan da ke bayan gilashi. Rigunan amare ake sayarwa a kantin. Da muka isa gidan shayi an riga an kwashe kofuna.

Kwamiti ya sake zama. Tunda mataimaki bai yi ba, sai aka koma ga babban makami, wato karramawa. Wata Alhamis bayan tafiya muka tarar an haɗa tebura, an kawo kek. Misis Setchell ta miƙe ta yi jawabi a kan sadaukarwa, ta sanar cewa daga yau Len ne Shugaban Girmamawa na ƙungiya har iyakar rayuwarsa. Aka ba shi sanda mai kan tagulla. Aka ba Graham sabuwar falmaran a cikin leda. Tsohuwar kuwa aka ce Len ya riƙe ta don tunawa. Aka tafa.

Len ya cinye kek ɗinsa, ya naɗe wani yanki a takarda don Brenda, sannan ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Tambaya, Hedimasta. Shi wannan shugaban, a ina yake tafiya?"

"Duk inda ya ga dama, Len. A cikin ayari."

"Wato a gaban wancan."

Graham ya dubi ledarsa.

"To na ajiye," in ji Len. "Shugabancin da ƙungiyar duka. Kek ɗin dai ya yi daɗi. Wa ya yi? Na san ba ke ba ce, Maureen."

Ya ɗauki sandar ya fita.

Alhamis ta gaba ba ya ƙofar coci. Muka gangara kamar mun dawo daga binne wani. Muna isa bakin kogi sai ga ruwan ɗorawa a kan benci: Len ne, cikin tsohuwar falmaran, ya buɗe jarida ta rufe masa fuska. Muka wuce ɗaya bayan ɗaya, bai gaishe da kowa ba. Sai da Graham ya wuce ya naɗe jaridar, ya miƙe, ya biyo mu.

A ƙyaure na farko Misis Setchell ta dawo.

"Ka ce ka bar ƙungiya."

"Na bari."

"To me kake yi a nan?"

"Tafiya. Hanyar jama'a ce, Hedimasta. Kakana ya koro aladu ta nan. Ko kin saye ta ban ji ba?"

Gaskiyarsa ce. Turbar ta kowa ce, mai gonar da ta ratsa ma bai isa ya hana mutum bi ba, balle kwamiti.

"Falmaran ɗin fa?" in ji ta.

"Kyauta aka ba ni. Har jawabi aka yi."

Haka abin ya zauna. Wanda ya sha wahala Graham ne. Ƙa'ida ta ce ya rufe ƙyaure bayan ɗan ƙungiya na ƙarshe, don haka dole ya rufe yana hango Len yana ɗingisowa. Len ya iso ya buɗe, ya wuce, ya rufe, ya girgiza, sannan ya ɗaga murya yadda har 'yan gaba za su ji: "Ɗan Landan! Ba ka sa sakata ba!" Ko ya sa, ko bai sa ba. Kafin kaka ta ƙare Graham ya fara zuwa asibiti ana gasa masa wuya saboda waige.

Ni ma sai da aka yi mini hukunci. Misis Setchell ta bayyana cewa duk wanda ya koma bayan Graham ya fita daga tafiyar, inshorar ƙungiya ba ta san da shi ba. Saboda haka kowace Alhamis, idan mun zo bencin, nakan ce, "Graham, na sauka a nan." Shi kuma ya ce, "Sai mako mai zuwa, Hilary." Sannan in ja gefe in jira Len ya naɗe jarida, mu bi bayansu. Wani lokaci akan sami mai sabon ƙugu ko sabuwar takaba ya sauka tare da ni. Sau da yawa mu biyu ne.

Bana ba ma zagaya tafkin. Mukan kai bakinsa, in tsaya inda nake tsayawa, mu juyo. Duk da haka ayari yana riga mu isa gari da nisa, don gwiwar dama ma ta shiga sahu, kuma asibiti har yanzu ba su sa masa ranar tiyata ba. Sandar mai kan tagulla da ya ce zai ba Brenda ta riƙa kakkaɓe yanar gizo, yanzu a kanta yake dogara. Tudun gari ya fi ƙarfina ni kaɗai idan Len ya faɗi. Na san haka, shi ma ya sani, ba mu taɓa yin maganar ba.

Tun farkon hunturun nan Graham ya fara yar da safar hannu. Yakan kai jama'a gidan shayi, ya cire falmaran ɗinsa ya cusa a jaka, ya gangaro yana duban ƙasa, wai yana neman safar. A gindin tudu yake samunmu. Sai ya juya ya hau tare da mu, a hankali, yana 'yan taku kaɗan a gaban Len, inda hannu zai iya kai wa kafaɗarsa. Bai taɓa komawa bayansa ba.

Makon jiya Len ya tsaya ya numfasa, ya ɗora hannu a kafaɗar, ya ce, "Ka same ta?"

"Ban same ta ba."

"Mutum ya riƙe kuɗin jama'a a banki, ya kasa riƙe safar hannu. Ki ji fa, Farfesa." Ya ƙara damƙe kafaɗar. "To mu je, ɗan Landan. Kada ka yi sauri, kada kuma ka waigo."